Folda tana cikin filash amma ta ƙi fitowa

Malamar aji 5:
Assalamu alaikum. Don Allah ku taimaka min. Jiya na kai filashina wani shagon firintin a buga min takardun jarabawa. Da na dawo na soka shi a kwamfutata, foldar da na sa wa suna Jarabawa ta yi ɓatan dabo, sai wani shotkot (alamar da ake dannawa a buɗe wani fayil) mai ɗan kibiya ɗauke da sunanta. Filash ɗin 8GB ne, kuma har yanzu yana nuna kusan rabi a cike. Da na gwada buɗe sabuwar folda da wannan suna, Windows ta ce akwai ta. Na kunna Hidden items, zaɓin da ke nuna ɓoyayyun fayiloli, shiru. Makin yarana na zangon nan duka yana ciki, ga hedimasta yana jira ranar Litinin.

Ɗan Sabon Gari:
Malama ki yi fomatin kawai ki huta.

Mai gyaran kwamfuta:
Wa alaikumus salam. A'a Malama, kada ki kuskura ki yi fomatin, shi ne zai kwashe makin nan gaba ɗaya. Shotkot ɗin ma kada ki taɓa shi, dannawar ce ke tayar da bairos ɗin, wato muguwar manhajar da ta shiga filash ɗinki.

Foldarki tana nan. Bairos ɗin ya liƙa mata alama biyu, Hidden da System. Hidden items na fito da mai alamar farko ne kawai, mai duka biyun Windows na ci gaba da ɓoye ta, don tana ɗaukarta fayil ɗin tsarinta.

Ki duba harafin da Windows ta ba filash ɗin, a ce F ne. Ki buɗe cmd, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ki rubuta:

dir /a F:\

Za ki ga sunan Jarabawa. Sai ki rubuta:

attrib -h -r -s /s /d F:\*.*

Ki ɗan jira ya gama. Wani bairos ɗin yakan tattara komai cikin folda marar suna, in kin ga irinta ki leƙa ciki.

Malamar aji 5:
Alhamdu lillahi! Ta fito, makin duka yana nan. Allah Ya saka da alheri, Malam. Shotkot ɗin fa, in goge shi?

Mai gyaran kwamfuta:
Amin. Ki goge shi, da duk fayil ɗin da ba ki sani ba mai ƙarewa da .vbs. Ki kwafe aikinki, ki bar Windows Defender, mai farautar bairos na Windows, ya binciki kwamfutar baki ɗaya, sannan ki yi fomatin filash ɗin. In bairos ɗin ya riga ya shiga kwamfutarki, zai sake ɓoye foldar da zarar kin soka filash ɗin.