Wa ya taɓa fama da ekstenda ta HDMI bayan an ɗauke wuta?

Mai gidan kallo, Agege:
Salamu alaikum jama'a. Dikoda tana ɗakina a gaba, talabijin tana can ciki kusan mita 40, na ja kebul na CAT6 da ekstenda, wato akwatuna biyu masu kai hoto nesa, ɗaya wajen dikoda ɗaya wajen talabijin. Duk sanda aka ɗauke wuta muka tada janareta sai hoto ya dawo ɗan ƙarami a tsakiya ko allon ya yi baƙi ƙirin, sai na kashe dikoda na kunna. Ranar Asabar ana tsaka da wasa yara sun kusa cire min kwanon rufi. Wa ya taɓa gani?

Mai gyara, Ikeja:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Wannan EDID ne, ba kebul ba. Kowace talabijin tana da wani ɗan bayani a cikinta mai suna EDID, bait 128 ne asali, yawanci da ƙarin 128, shi ke faɗa wa dikoda ni ina ɗaukar 1080p ko 4K, sauti kaza nake iyawa. A HDMI ta fin (ƙananan haƙoran bakin kebul) na 15 da 16 yake bi, na 19 kuma shi ke sanar da dikoda cewa an jona allo. To da ka sa ekstenda a tsakani ita ce 'yar aike, in wuta ta dawo dikoda ta riga farkawa ta tambaya, akwatin da ke wajen talabijin bai gama tashi ba, ba ta ji amsa ba sai ta zaɓi ƙaramin hoto don kar ta yi kuskure, ko ta ƙi turo komai. Duba jikin akwatin da ke gefen dikoda, akwai 'yan ƙananan makunnai?

Ɗan kwamitin masallaci, Idi-Araba:
Mu namu sauti ne ya ɓace lokacin tafsirin azumi. Hoton malam na fita a ɓangaren mata, murya babu. Mun canja kebul har sau biyu, kuɗi suka tafi a banza wallahi. Ashe ekstendar an saita ta kan EDID nata na ciki mai cewa allon na ɗaukar sautin 5.1 mai lasifika shida, talabijin kuwa sitiriyo kawai ta sani. Wani yaro ya mayar da makunnin kan 2CH, wato sitiriyo, shikenan.

Mai hayar kayan biki, Obalende:
Hhh malam gara ku. Ni na raba wa allo uku, ɗaya tsohuwa ce 720p, marabar (akwatin da ke raba hoto ga alluna) ta kwafi EDID nata sai duka suka koma 720p, sabuwar da na sayo a Alaba da tsada tana nuna amarya dishi-dishi. Yanzu kafin na bar gida nake kwafa: in jona allon da nake so kai tsaye, in danna madannin kwafi har fitila ta daina ƙiftawa, akwatin ya riƙe ko wuta ta tafi. Amma in ka kwafi na 4K tsohuwar ba za ta nuna komai ba fa.

Mai gidan kallo, Agege:
Na duba, makunnai uku ne, an bar su kan wucewa kai tsaye. Na mayar kan 1080p na dindindin, na kashe janareta na tada sau biyu hoto ya cika allo. Jazakumullahu khairan. Mai gyara in na ƙara allo na biyu marabar kafin ekstenda zan sa ta ko bayanta?