Neman shawara: virsh na nuna gurbin furosesa ɗaya, alhali biyu na gani a cikin injin

Mai tambaya, daga Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da uwar garke ta wata makarantar kuɗi a nan Garwa, tsohuwa ce ta hannu da aka kawo daga Duwala, kuma kwamfutocin kwaikwayo huɗu ne ke gudana a kanta ta KVM da libvirt, manhajojin da ke tafiyar da irin waɗannan kwamfutoci a Linux. Na buɗe murfinta na ga furosesa Xeon biyu, kowanne da ƙwayoyi 8 (ƙananan sassan da ke yin lissafi a cikinsa), da RAM mai gigabait 64. Amma da na buga `virsh nodeinfo`, umarnin libvirt da ke taƙaita bayanin injin, sai ya nuna gurbin furosesa 1, ƙwayoyi 8, zare (hanyar aiki) 2 ga kowace ƙwaya, rukunin NUMA 2, jimillar zare kuma 32. Shin ɗaya furosesan ya mutu ne? Abin da ya ƙara min damuwa shi ne kwamfutar kwaikwayon da ke riƙe da bayanan ɗalibai tana jan ƙafa duk sa'ad da ake shigar da sakamakon jarabawa. Ku taimaka min da shawara kafin in koma wa wanda ya sayar mana.

Amsa daga Injamena:
Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, injinka lafiya yake. Layin da ya nuna gurbi 1, wato mazaunin furosesa, ba ya ƙidaya gurabe na injin gaba ɗaya, yana ƙidaya gurabe nawa ne a cikin kowane rukunin NUMA. Ka ninka rukuni 2 sau gurbi 1 sau ƙwaya 8 sau zare 2, za ka samu 32 ɗin nan daidai, wanda ba zai yiwu ba da ɗaya ya mutu. Tun daga Opteron na AMD a 2003 da Nehalem na Intel a 2008, kowane furosesa yana da nasa RAM da ke haɗe da shi kai tsaye, kuma idan yana buƙatar abin da ke ɓangaren maƙwabcinsa sai ya bi ta gadar da ke tsakaninsu, abin da ke ɗaukar lokaci. Wannan tsari shi ake kira NUMA, furosesa da RAM ɗinsa kuma su ne rukunin.

Amsa daga Marwa:
Gaskiya ne, sai dai ni ba na gina wani aiki a kan `nodeinfo`, domin taƙaitawa ce kawai. Takardun libvirt da kansu sun bayyana cewa idan tsarin injin ya saɓa wa yadda aka saba, rahoton yakan nuna rukuni 1 da gurbi 1, ya tara dukan ƙwayoyin a layi guda. Akwai ma injinan da gurbi ɗaya ke ɗauke da rukuni fiye da ɗaya, kamar Opteron 6100 mai biyu, ko EPYC na farko na 2017 mai huɗu. Ɗan'uwa, ka buga `virsh capabilities`, inda za ka ga kowane rukuni da adadin RAM ɗinsa, da lambobin ƙwayoyinsa, da waɗanne zare ne tagwaye a ƙwaya ɗaya, da kuma lambar da ke auna nisan da ke tsakanin rukunan, wato 10 ga na gida, galibi 20 ko 21 ga na maƙwabci. Ka gwada shi da abin da `numactl --hardware` ya nuna. Wannan yana da muhimmanci kafin ka ɗaure kwamfutar ɗaliban a rukuni guda da umarnin `vcpupin` don ta daina bin gadar nan, saboda a wasu injina lambobin ƙwayoyi 0, 2, 4 suna rukuni na farko, 1, 3, 5 kuma suna na biyu, don haka wanda ya zaɓi 0 zuwa 7 da ka ya raba aikinsa gida biyu bai sani ba.

Amsa daga Ngaundere:
Kada a yi saurin ɗora wa NUMA laifin jan ƙafar, domin sau da yawa tsohon faifan ajiya ne ke kawo ta. Amma ka duba `virsh freecell --all`, ka ga RAM ɗin da ya rage a kowane rukuni. Idan kuma za ka yi amfani da `numatune`, mai zaɓa wa kwamfutar kwaikwayo rukunin da za ta ɗauki RAM, ka sani cewa yanayin `strict` ba ya aro daga maƙwabci, kuma idan RAM na rukunin ya ƙare, Linux na iya kashe kwamfutar ɗaliban ana tsakiyar aiki.

Mai tambaya:
Allah Ya saka muku da alheri. Na duba, rukuni na farko yana da gigabait 48, na biyu kuma 16 kacal, wato sandunan RAM shida a gefe guda, biyu a ɗaya gefen. Kwamfutar ɗaliban kuwa gigabait 24 na ba ta. In mayar da sanduna biyu can ne?

Amsa daga Marwa:
Ka mayar, su zama huɗu-huɗu, amma bayan ka kashe injin ka zare wayar wuta. Ka bi zanen da ke manne a cikin murfin, domin akwai ramukan da ake fara cikawa a kowane gefe. Idan ka kunna, ka leƙa BIOS, wato saitin injin na farkon kunnawa, ka tabbata `Node Interleaving`, wanda ke gauraya RAM na rukunan ya zama ɗaya, a kashe yake, sannan ka turo mana sabon rahoton `capabilities` mu zaɓi ƙwayoyin tare.