ABS da VSC sun kama a RAV4, in sayi bulok ko in dakata?

Ɗan Adar: Salamu alaikum manya. RAV4 ce ta 2008. Tun da aka canza rulman gaba na dama, fitilar ABS (mai hana taya kullewa in an taka birki) da ta VSC (mai hana mota zamewa) suka kama ba sa mutuwa. Birki yana ci daidai, jar fitilar birki ba ta kunne. Makanikena ya ce bulok ɗin ABS ne, wato famfo da kwamfutar birki, jaka 180 na kwance. Alhamis zan tashi Yamai zuwa Tawa. In saya, ko in tafi haka?

Sarkin Waya: Duba batir tukuna. Mota a kashe volt 12.4 zuwa 12.6, tana aiki 13.8 zuwa 14.4. In wuta ta yi ƙasa, kwamfutar birki tana ajiye lambar matsala C1241.

Direban Konni: Tayoyinka girmansu ɗaya? In ɗaya ta fi ƙanƙanta tana juyawa da sauri, motar ta ɗauka santsi ne.

Lantarki Katako: Ƙanena, kada ka taɓa bulok sai an karanta lamba. A sa baliz, na'urar karanta lambar matsala, mai shiga sashen ABS, don ƙananan nan na waya inji kawai suke gani. C0200 gaba dama, C0205 gaba hagu, C0210 baya dama, C0215 baya hagu. In ba baliz, haɗa rami na 4 da na 13 a fish ɗin OBD, inda ake jona baliz, da guntun waya, ka buɗe kontak, ka ƙirga ƙiftawar fitila. Uku sannan ɗaya, wato 31, gaba dama ke nan. Tunda bayan aikin rulma ta fara, abu uku nake zargi: an ja wayar kaptar (mai auna gudun taya) ta tsinke daga ciki, fish bai zauna ba, ko sabon rulman ba shi da zoben maganaɗisun da kaptar ke karantawa.

Baba Garaji: Ciro fish ɗin kaptar, sa mita a ohm. Lafiyayye yana ba da 1,000 zuwa 2,000. Shi ke nan.

Lantarki Katako: Baba, da girmanka, wannan na tsofaffin Corolla ne masu zobe mai haƙora. Na wannan motar sai an ba shi wuta yake aiki, ohm ba zai nuna komai ba. A ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, a juya taya, a duba gudun ƙafafu huɗu a baliz. Wadda ta tsaya a sifili ana juya ta, ita ce.

Baba Garaji: Yaran yanzu, in babu baliz ko goro ba ku iya kwancewa.

Mai Birki Wadata: Ga abin da sayen bulok da ka yake jawowa. An kawo irin wannan motar garaji bayan an canza mata bulok sau biyu. Na farko lambar jikinsa ba ta dace ba, na mai jan ƙafa biyu aka sa wa mai huɗu. Na biyu an ɗaura ba a fitar da iska ba, feda tana nitsewa har ƙasa, ba a kuma saita kaptar ɗin juyawar jikin mota ba, C1210 ta zauna daram. Da suka gaji sai suka buɗe tablo suka liƙe fitilar da baƙin salatif. Asalin ciwon? Waya ce ta goge a jikin amotisa, aikin minti 20. Mai motar ya zubar da fiye da jaka 300, wanda ya sayar da kayan ya ce abin wuta ba ya komawa.

Direban Konni: Jaka 180 ma cuta ce. 90 ake sayar da shi.

Sarkin Waya: 90 a wace shekara? Kaptar kaɗai 25 ne.

Direban Konni: Akwai na jaka 7.

Sarkin Waya: Wanda damina ɗaya ke kashewa.

Na Tudu: Ni tablona kamar gidan biki, fitilar mai kaɗai nake girmamawa 😂

Mai Birki Wadata: Dariya kake, amma salatif ɗin nan ya zama sana'a a wurin masu sayar da motoci. Duk mai saye ya buɗe kontak kada ya tayar: ABS ta kama daƙiƙa kaɗan ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam, an rufe mata baki.

Direban Konni: Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kowa ya samu hujja. Kayan da ya shekara biyar a kanta ma wai hanya ta yi tsada.

Ɗan Adar: To manya, Alhamis fa? In tafi?

Lantarki Katako: In rawayar fitila ce kaɗai birkin yau da kullum yana nan, amma taya za ta kulle in ka taka da ƙarfi a kan rairayi. In ja ta haɗu, ajiye ta. Me baliz ta ce?

Na Tudu: Wai a ina ake samun man birki DOT 4 wanda ba jabu ba a garin nan?