Sai ka san tatsuniyar kafin ka fahimci zanen?

Mai_Buroshi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyon zanen siffar mutum da fentin mai, kuma akwai abin da ya ɗaure min kai. Na duba ayyukan da Chris Ofili ya yi a 2012 don baje kolin National Gallery ta Landan, inda aka nemi masu zane na yanzu su mayar wa Titian, mai zanen Italiya na ƙarni na 16, martani kan labarin Diana da Actaeon. Launukan sun kama ni ƙwarai, amma ban gane wane ne wane ba. Shin mai kallo sai ya haddace tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa, ko idonsa ya wadatar?

Malam_Launi:
Wa alaikumus salam ɗana. Ga labarin a taƙaice: Actaeon maharbi ne, ya faɗa wurin da Diana, allahiyar farauta ta Rumawa, ke wanka ba da niyya ba, ta fusata ta mayar da shi barewa, karnukansa na farauta suka yayyaga shi.

Amfanin sanin wannan shi ne ka ga daidai inda mai zane ya tsayar da lokaci. Titian ya yi nasa tsakanin 1556 da 1559 domin Sarki Philip na Biyu na Sifaniya, kuma bai zana jini ba. Ya tsaya a kan ƙiftawar idon da maharbin ya ɗaga hannu cikin firgici, Diana tana harararsa. Duba kan ginshiƙin da ke bayansu: ƙoƙon kan barewa ne a ajiye. Wanda bai san ƙarshen labarin ba zai ɗauka ado ne kawai, wanda ya sani kuwa gabansa zai faɗi, don ya ga hukuncin tun ba a yanke shi ba. Da wannan idon za ka koma wa Ofili, wanda tun 2005 yake zaune a Tirinidad. Ka tambayi kanka me ya ɗauko, me ya watsar, kuma me ya sa hasken nasa ba na Italiya ba ne.

Hajiya_Zayyana:
Malam, na yarda da kai, amma ina jin tsoron mu sa yaron ya riƙa karatu kafin kallo. Ni nakan tsaya gaban zane in ga yadda jiki ya karkata, inda ido ya dosa, wa ke tsaye, wa ke durƙushe. Sai daga baya in nemi labarin. Idan zane bai taɓa zuciyata ba sai da bayani, a wurina bai cika ba.

Ɗan_Alli:
Yaya Mai_Buroshi, nemi aikin Harmonia Rosales na 2017 kan haihuwar Oshun. Ta ɗauki tsarin zanen Botticelli na Italiya, mace tsaye a kan ƙwanson teku, ta cire Venus, allahiyar soyayya ta Rumawa, ta sa Oshun, allahiyar kogi ta al'adar Yarbawa. Nan tatsuniya biyu ce ke magana da juna, kuma wanda ya san ɗaya kaɗai rabin hirar zai ji.

Mai_Buroshi:
Na gode sosai. Malam, na ga ƙoƙon kan barewar, tsigar jikina har tashi ta yi. Hajiya, zan gwada hanyarki a kan na Rosales kafin in karanta komai game da Oshun.