Neman kalmar Hausa: jita mai murya biyu, tsohuwar zuma

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa masu kishin harshe. Kalmomi biyu ne suka tsaya mini a wuya ina rubutu a kan kasuwar tsofaffin kayan kiɗa ta Amurka, wato acoustic-electric da vintage, shi ne na kawo su gabanku da abin da na tsayar a raina, domin ku gyara mini.

Ta farkon jita ce mai ƙoƙo kamar gurmi, wadda in an taɓa tsirkiyarta za ta yi amo da kanta, amma kuma an dasa mata na'urar da ke ɗaukar motsin tsirkiyar ta kai shi ga lasifika. Wani malami ya ba ni shawarar a ce jitar lantarki, sai dai ban gamsu ba, domin wannan suna ya fi dacewa da wadda jikinta dunƙulallen katako ne, wadda in ba a jona ta ba da ƙyar na kusa da kai zai ji ta. Ni dai na zaɓi "jita mai murya biyu": muryar katako da muryar waya. Duk wanda ya dubi jitar kamfanin Gibson samfurin J-160E da aka fara ƙerawa a 1954, da maɓallanta biyu na murɗawa a kan fuskar katakon da na'urar da ke maƙale a gindin wuyanta, zai ga cewa sunan ya zauna.

Ta biyun, wato vintage, da ake kiran tsohon kaya mai daraja da ita, ita ce ta fi wahalar da ni. Idan aka ce tsohuwa, an faɗi shekaru an bar daraja. Idan aka ce ta gwanjo, hankalin Bahaushe zai tafi ga kayan sawa masu araha, ko da yake a gwanjon ake sayar da irin waɗannan jitocin. A 2015 an sayar da J-160E ta mawaƙin Birtaniya John Lennon a kan dala miliyan 2.4, a 2020 kuma jitar kamfanin Martin samfurin D-18E ƙirar 1959 ta mawaƙin Amurka Kurt Cobain ta haura dala miliyan 6. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, wannan ƙirar ta Martin ba ta yi kasuwa ba a zamaninta, guda 302 kacal aka yi aka daina, kuma wannan ƙarancin ne, haɗe da hannun da ya riƙe ta, ya ɗaga farashinta. Saboda haka nake ganin "tsohuwar zuma" ta fi kowace kama ma'anar, tunda Bahaushe ya riga ya san cewa da ita ake magani.

Saura sunan ita na'urar da ke ɗaukar sautin. Na fi karkata ga "kunne" a kan "maɗauki", kuma a nan ina so in ji ta bakin makaɗan da suka saba jona garaya ko kuntigi da lasifika a wurin biki.