Neman shawara: tanki na raguwa da dare, an ce mu sauya sumo

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin harkar famfo ku ba ni shawara kafin mu kashe kuɗi. Gidan mahaifiyarmu ne a Kano, ni ke kula da shi. Muna da rijiyar burtsatse, sumo, wato injin da ke cikin rijiyar yana turo ruwa sama, na rataye a zurfin wajen mita 70, tanki kuma na kan ƙarfe a bayan gida. Kwanan nan idan muka cika tanki da magariba, kafin asuba ya sauka rabi, alhali ba wanda ya buɗe famfo. Idan an kunna sumo sai an jira kafin ruwa ya iso, kuma iska ce ke fara fitowa. Sannan duk sanda aka ɗauke wuta yana cikin aiki, sai a ji bututu ya buga "gum" har cikin ɗakin Hajiya. Wanda ya zo ya duba ya ce sumo ya gaji, a sayi sabo. Hajiya ta ce in ƙara tambaya tukuna. Me kuka gani?

Wani filamba daga Kaduna:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi komai tukuna. Amsa min biyu. Idan ruwan ya iso, da ƙarfinsa yake zuwa kamar da, ko ya ragu? Sannan ka hau ka leƙa: bututun da ke kawo ruwa, a bakin tanki ya tsaya ko an zura shi ciki?

Mai tambaya:
Oga, ƙarfinsa na nan yadda yake. Na hau na buɗe murfi, bututun ta sama ya shiga amma an zura shi har tsakiyar tanki. Kuma yanzu na lura, daidai bakinsa ruwan ke tsayawa kullum.

Filamban Kaduna:
To ai ka gano ɓarawon da kanka. Sumon da ya gaji ba ya ba da ruwa da ƙarfi. Akwai bawul a kan sumo da muke kira non-ritan, aikinsa ya bar ruwa ya hau, ya hana shi komawa. Naka ya daina riƙewa, ko yashi ya maƙale a bakinsa, ko robar ta cinye. Da an kashe sumo sai ruwan cikin bututu ya fara gangarawa rijiya, yana jawo na tanki a bayansa, kamar yadda ake zuƙo fetur da tiyo. Ba zai tsaya ba sai bakin bututun ya fito sarari ya sha iska. Shi ya sa kullum rabi. Daga nan bututun ya zama fanko, da safe sai sumo ya sake cika shi kafin ka ga ɗigo, iskar da ta shiga kuma ita ke fara fita.
Ka gwada yau da dare. In akwai bawul a bakin rijiya, cika tanki, kashe sumo, rufe bawul ɗin, ka sa alama da alli a inda ruwa ya tsaya. In da safe yana nan, matsalar na ƙasa. In ya ragu duk da haka, to ka bi cikin gida, musamman tankin masai, don yana iya tsiyaya dare guda ba wanda ya ji.

Wani ɗan zaure:
Ni da haka ta same ni, non-ritan na saya aka sa min a sama, bakin rijiya. Ba sai an ciro sumo ba, kuɗi kaɗan, tanki ya daina raguwa. Ka yi haka ka huta.

Wani injiniyan ruwa:
Ɗan'uwa, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, kuma gaskiya ne tanki zai daina raguwa. Amma ina roƙon mai tambaya kada ya tsaya a nan, domin wannan dabarar na ɓoye ciwon ne, tana kuma iya haifar da wanda ya fi shi.

Ga dalili. Idan na sama ya rufe gam, na ƙasa kuma yana yoyo, ruwan da ke tsakaninsu zai ci gaba da zamewa. Matsin iskar duniya ba ya iya riƙe ruwa a tsaye cikin bututu fiye da kimanin mita 10. In ruwan rijiyarka ya fi haka nisa daga sama, sai a samu wani fili a ƙarƙashin bawul ɗin sama wanda ba ruwa ba iska. Da ka kunna sumo, ruwa zai taso da gudu ya cike filin nan ba abin da ya tare shi, ya je ya daki bawul da ruwan da ke tsaye a samansa. Wannan dukan ne ke tsinka haɗin bututu, yana lalata sumo a hankali.

Mutane na raina bugun nan. Ruwa ba ya matsuwa. A bututun ƙarfe, in ka tsayar da ruwan da ke gudun mita 1 a daƙiƙa farat ɗaya, matsi na iya ƙaruwa da bar 12 ko kusa da haka, bar kuwa shi ne ma'aunin matsi. A bututun roba yana raguwa, wajen bar 3 zuwa 5, saboda roba na ɗan buɗawa. Wannan ƙari ne a kan matsin da ke ciki tun farko, kuma ka tuna kowace mita 10 ta tsayin ruwa kusan bar 1 ce. Dubi jikin bututunka, za ka ga an rubuta PN10 ko PN16, wato iyakar bar ɗin da aka yi shi ya ɗauka.

Abin da ya fi tsorata ni a labarinka shi ne ɗauke wuta. Lokacin da ruwa ke komawa rijiya ta cikin sumo, yana juya farfelarsa da baya. In aka maido wuta a daidai lokacin, injin zai yunƙura gaba alhali yana juyi baya, kuma hakan na iya karya sandar da ke tsakiyarsa. Saboda haka daga yau, in an ɗauke wuta, a je a kashe makunnin, kada a bar shi ya tashi da kansa. A ba shi 'yan mintuna kafin a sake kunnawa.

Gyaran gaskiya shi ne a ciro sumo. A duba bawul ɗin kansa, a duba kowane haɗi, don huda a jikin bututu ma na kawo irin wannan. A sa sabon non-ritan mai sifirin kusa da sumo, a ƙasa da inda ruwa ke sauka in ana ja. Masu ƙera injinan nan na ba da shawarar ƙarin guda a kowace mita 60 ta hawan bututu, don haka kai guda biyu za su yi maka daidai. Kada a sa mai marfi da ke lilo, domin shi sai ruwa ya fara komawa yake rufewa, kuma rufewar ce ke bugawa. Mai sifirin yana rufewa tun ruwa bai juyo ba. A lura da kibiyar da ke jikinsa, sama za ta kalla.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin famfo:
Injiniya ya gama magana. Ni nawa ƙari ne, yaro. Tunda za a taɓa aikin, a yanke bututun nan na cikin tanki ya tsaya a sama da iyakar ruwa, ko bawul ya sake lalacewa tanki ba zai bi shi ba. Sannan ku koya wa yaran gida bambancin bawul. Mai hannu guda, wanda in hannun ya bi tsawon bututu a buɗe yake, in ya gitta a rufe, kwata ɗin juyi kawai yake so, shi ya sa ake fizgarsa. A rufe shi a hankali, kuma kada a rufe shi sumo na aiki. Mai kan zagaye da ake murɗawa, wato get bawul, ko dai a buɗe shi duka ko a rufe duka. In aka bar shi rabi, ruwa na kaɗa ƙofar ciki har ta cinye, ranar da kake buƙatar ya rufe sai ya ƙi. Na sha kwance irinsu, ka ga gefen ƙofar ya zaizaye ya yi kaifi. A sa yuniyon, wato mahaɗin bututu da ake kwancewa, kusa da kowane bawul, don ranar canji ba sai an sa zarto ba.

Wata baiwar Allah:
Baba, ku yi haƙuri in shigo da tawa. Tankinmu na yawan ambaliya in an manta. An ce mu sa ƙwallon nan da ke rufe ruwa in ya cika. Mu ma sumo ne. Ya dace?

Dattijon:
A'a 'yata, kada ku sa shi shi kaɗai. Ƙwallon ya dace da ruwan da ke zuwa daga babban layin gari. In ya rufe alhali sumo na aiki, injin zai ci gaba da turawa ba mafita, ruwan da ke sanyaya shi ya daina gudana, ya yi zafi ya ƙone, ko bututu ya fashe. Ku nemi makunnin da ke iyo a cikin tanki, wanda ke yanke wuta in ruwa ya kai. Mai aikin lantarki ne zai haɗa shi da akwatin sumo.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Baba da Injiniya da kowa. Na rufe bawul ɗin bakin rijiya jiya, yau ruwa na kan alli bai motsa ba. Hajiya ta amince a ciro sumo. Akwai abin da zan tsaya a kai ranar aikin?

Filamban Kaduna:
Ka tsaya a wurin da kanka. A cire wuta gaba ɗaya kafin a fara ja, kuma a ja da igiya, ba da wayar wuta ba. In ya fito, ka sa a tsayar da tsohon bawul a zuba masa ruwa ta sama a gabanka, za ka ga ko yana zuba ta ƙasa. Ka sayi na tagulla mai nauyi, girmansa daidai da bututun, in inci ɗaya da kwata ne kada a rage. In kuka ga yashi da yawa a cikinsa, ka gaya wa mai aikin ya duba ko sumo ya yi kusa da gindin rijiya, a ɗan ɗaga shi muddin zai kasance cikin ruwa sosai, don yashin zai sake cin sabon.