Wane suna za mu sa wa blazar kafin daren Asabar?

Mai shirin yara, Asawase:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ranar Asabar da dare zan yi shirin kimiyya a rediyo, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙoshi: blazar. Ga yadda abin yake. A tsakiyar wasu garkunan taurari masu nisa akwai baƙin rami mai nauyin rana sau miliyoyi, wani ma biliyoyi. Gas da ƙurar da yake zuƙa suna kewaya bakinsa har su ɗau zafi, sai wani kaso ya kuɓuce, ya fita a miƙe da gudun da ya kusa na haske. In feshin nan ya saito duniyarmu, shi ne blazar. Jiya na kwana ina juya lissafin wanda ake kira 3C 273. Haskensa ya yi shekara wajen biliyan 2 a hanya, alhali na rana minti 8 yake yi ya iso Kumasi. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. So nake yaran su ji abin da na ji, su kuma sami kalmar da za su kai wa iyayensu.

Ɗalibin KNUST:
Yaya, a ce "bilaza" a wuce wurin. Turawan ma ƙera ta suka yi, a 1978 Edward Spiegel ya haɗa sunan BL Lacertae (wani daga cikin irin abubuwan nan) da kalmar quasar (tsakiyar garken taurari mai tsananin haske). Mun karɓi rediyo da kwamfuta, ba abin da ya same mu.

Hajiya ta Nima:
Tauraro mai walƙiya fa?

Ɗalibin KNUST:
Hajiya, a gafarce ni, tarkon da masana suka faɗa ke nan. A 1929 Cuno Hoffmeister ya ɗauka BL Lacertae tauraro ne mai sauya haske, sai a 1968 aka fara gane ba tauraro ba ne sam. Kada mu sa yara su haɗa shi da Zara ko Gamzaki.

Malam na Aboabo:
Dallarau. Na daɗe da kalmar nan a baki. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tamale da dare ya san abin. Babbar mota in ta gifta ta gefe, fitilarta ba ta dame ka ba. Amma in ta fuskanto ka ta dallare ka, sai ka kare ido da hannu, ba ka ganin motar, ba ka ganin direba, haske kaɗai. To ai sirrin abin ke nan, 'yata: ba ƙarfinsa kawai ba, saitin da ya yi mana. Ginin kalmar kuwa namu ne, kamar mantau da makarau.

Ɗan Kano a Alabar:
Malam, da girmanka, mantau da makarau sunayen tsokana ne da ake laƙaba wa mutum. Halittar da ta fi hasken garken taurari sukutum ba a yi mata sunan tsokana. Ni "mashin haske" na gani. Kuma gaskiya ƙirƙirar kalma sai a bar wa inda Hausa take da tushe. A nan mace ma "ya zo" ake ce mata.

Hajiya ta Nima:
Ɗana, ka iya bakinka. Kakanninmu sun bi hanyar Gwanja fataucin goro har Salaga, da Hausar nan suka yi ciniki, da ita suka karantar da almajirai. Ba aro muka yi ba, gado muka ci.

Malam na Aboabo:
Bar shi, Hajiya. In ya je kasuwar Kejetia da Hausarmu yake sayen doya.

Ɗan Kano a Alabar:
Ban raina kowa ba. Amma in kowane zango ya ƙera tasa, yaron Nima da na Fagge ba za su karanta littafi ɗaya ba.

Mai shirin yara, Asawase:
Don Allah iyayena, Asabar jibi ce. Ku ji abin da nake so in rufe shirin da shi. Ranar 22 ga Satumba 2017, na'urar IceCube da aka binne cikin ƙanƙarar Antaktika ta kama nutirino guda ɗaya tak, wato wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya da ido ba ya gani, aka bi sawunta har zuwa wani blazar mai suna TXS 0506+056. A shekarar 2017 ɗin kuma aka buɗe faifan sauraron sararin samaniya mai faɗin mita 32 a Kuntunse, kusa da Accra. Cikin yaran da za su saurare ni, wani zai iya zama gaban wannan faifan wata rana. Don haka zan ce "bilaza, wato dallarau", shi kuma feshin in kira shi "mashin haske".

Malam na Aboabo:
Da dallarau kika sa a gaba. Amma to.

Ɗan Kano a Alabar:
Dallarau dai ban karɓa ba. Ƙarfe nawa ne shirin?